Motar da Baba Ya Ɗinke Kamar Jirgi

Ranar wata Talata, ranar kasuwar Gaya, cikin bazarar shekarar da Turawa suka fara kafa ginshiƙan gada a kogi, mota ta shigo gidanmu. Ba da ƙafarta ta zo ba. Bijimai na aro ne suka jawo ta da igiyar jirgi, Baba na gaba yana yi musu tsawa, Kawu Modi ƙanen Inna na zaune a ciki yana ɗaga wa mutane hannu kamar komanda. Ƙofar gida ba ta ɗauke ta ba, sai da aka kwance zanar gaba. Ina tsakar gida muna surfen gero da Inna, ban fi shekara tara ba. Na ga abu baƙi, ƙafa ɗaya a sace, ciyawa ta tsiro ta ƙarƙashin kujerunsa, ga wata kaza ta biyo shi tun daga bayan duwan, ofishin kwastan, tana kuka don ƙwanta na ciki. Inna ta dubi motar, ta dubi Baba, ta ce, "Ina jirgin?" Baba ya juya yana kwance igiyar bijimai. Ita kuwa ta ci gaba da luguden turmi har geron ya zama gari, alhali surfe muka fito yi.

Baba mai fito ne. Jirginsa babba ne, yana ɗaukar mutane da buhunan albasa da jakuna zuwa hayin Malanbil, ya dawo da goro da manja. Da shi muke ci, da shi muke sutura. Da ya ga ginshiƙan gada suna tsayawa cikin ruwa, sai ya daina barci. Ya ce ranar da aka gama ta ba wanda zai sake neman mai fito, gara ya riga kowa hawa tudu. Wani ɗan kasuwa yana da wannan motar, wadda wani Bature mai sayen gyaɗa ya bari ta mutu a hannunsa, sai suka yi musanya, jirgi mai rai da mota matacciya. Ni dai ban gane lissafin ba, har yau ma ban gama ganewa ba. Abin da na gane shi ne tuwonmu ya koma cikin wancan baƙin ƙarfe.

Damina guda aka yi ana gyara. Kawu Modi tsohon soja ne, ya ce ya san mota ciki da waje. Daga baya muka ji wankinta kawai yake yi a bariki. Amma kada a ci amanarsa, da shi aka kwance inji, aka goge buji, wato fulogi, aka samo batiri a Malanbil da tsohuwar ƙafa a Kamba. Kwanonin Inna duka sun koma na kusoshi, har ƙwaryar furarta. In mun dawo daga korar tsuntsu a fadamar shinkafa, sai a ba mu yashi da ɓawon masara mu goge tsatsa kamar muna goge gindin tukunya. Da manya sun tafi salla kuwa, motar tamu ce. Mu cika ta da ƴaƴan makwabta, wani ya zama sofer ya kama sitiyari, mu tafi Makka mu dawo kafin a sallame. Awaki suka cinye audugar kujeru. Kuma duk ranar da aka mayar da inji, sai an sami ragowar kusoshi a kwano, Kawu ya juya su a tafi ya ce, "Waɗannan Bature ya sa su don ado."

Baba bai san inji ba, bai kuma yi ƙaryar ya sani ba. Abin da ya sani shi ne huda. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan ruwa ba ya ganin rami ya wuce. Ya bi motar nan daga hanci har wutsiya da tsumma da man kaɗe da ƙaro, yadda yake bin cikin jirgi kafin ruwa ya kawo. Ya toshe ƙasanta, ya toshe rufinta, ya ɗinke inda ƙarfe ya tsage da waya, ɗinki mai kyau kamar na riga. Bututun hayaƙi ma da ƙyar Kawu ya ƙwace shi. Har murfin tankin esansi, wato fetur, ya ɗaga wa rana, ya ga ɗan rami kamar na allura, ya yi tsaki ya liƙe shi. "Ni ban taɓa ɗora ɗan mutum a kan abin da ke yoyo ba," in ji shi.

Bayan girbi ta tashi. Kawu ya murɗa manibel, wannan ƙarfen da ake juyawa a hancinta, ta yi tari, ta yi rawar sanyi, ta kama ruri. Mata suka yi guɗa, Inna ma sai da ta leƙo. Aka ɗauki hanyar Tunuga, mu yara muna bin ƙura. Daidai wata tsohuwar tsamiya a bayan gari sai ta yi shiru, kamar an shaƙe ta. Aka kwance buji, aka hura nan, aka buga can, rana ta take. Can Baba ya buɗe tanki ya zura kara ya ga ko esansi ya ƙare, ya tarar da shi cike, ya rufe. Kawu ya murɗa, ta tashi kamar ba ita ba. Kawu ya ce ai bujin da ya hura ne.

Haka muka shiga ruɗani, gida guda. Kullum daga gida sai tsamiya. Mutane suka ce ai an san masu zama a tsamiyar nan, ba sa son warin esansi. Aka sake hanya, aka bi ta Bengu, ta mutu kusa da maƙabarta, aka ce to ga shi nan. Aka bi hanyar Doso, ta mutu a fili fetal inda ko kargo babu, nan ma aka sami mai cewa an taɓa kashe wani a wurin. Kawu ya zargi batiri, ya zargi esansin Najeriya, ya zargi Baturen da ya tafi da sirrinta. Wata rana ta tashi nan da nan, wata rana a wuni. Ba wanda ya lura da abin da ake taɓawa kafin ta tashi, don ana taɓa komai. Matan da ke kai kifi kasuwa suka gwada ta, kifinsu ya ruɓe a hanya, suka sa mata suna Sai-ta-ga-dama. Wata Hajo mai bakin tsiya takan tsaya a ƙofarmu da kwandonta a ka, ta ɗaga murya, "Mai fito, yau jirginka na tudu zai kai hayi, ko in fara takawa?" Na taɓa jifanta da ƙwallon goruba, kuma ban yi nadama ba.

Sai ga wani mako na mamaki. Murfin tankin ya faɗi a hanya, aka neme shi aka rasa, Baba ya cusa tsumma a bakin don ƙura. A ranar kuma Inna ta yi sadakar waina, malamin unguwa ya rataya laya a madubi. Motar nan ta je Bengu ta dawo ba ta ko yi tari ba. Gobe haka, jibi haka. Ta wuce tsamiya kamar ba ta santa ba. Hajo da kanta ta shiga gaba. Muka ci shinkafa da nama, malam ya sami zakara, Inna ta fara cewa "motarmu". Amma tsumman nan ya tsaya wa Baba a rai, yana jin warin esansi na fita ta wurin. Ya samo icen maɗaci, ya zauna gindin rumbu ya sassaƙa toshi, ya gwada ya rage, ya gwada ya rage, ya shafe shi da man kaɗe, ya buga shi ya zauna daram, ko iska ba ta wucewa. Washegari, da mota cike da mata da kifi, ta mutu a tsamiya.

Ban taɓa ganin fuskar mutum kamar ta Baba a ranar ba. Bai yi faɗa ba, bai kwance komai ba. Ya zagaya ta, ya shafa ɗinkinsa, ya ce, "Mi na rage miki?" Ya dawo gida da ƙafa. Da ya je neman jirginsa, an riga an sayar da shi can Yawuri. Aka buɗe gada, ya tsaya a gaɓa yana kallon motocin wasu na hayewa. Sauran kwanakinsa ya yi su yana ɗinke jiragen masunta, a biya shi da kifi. Motar kuwa bijimai suka mayar da ita gida, Inna ta riƙa shanya kuɓewa a rufinta.

Sai da na yi jikoki, na shiga karatun manya ina fama da alli, sannan wani sofer da nake ba shi wannan labari a hanyar Yamai ya gaya mini cewa tanki ma numfashi yake yi. In ba ramin da iska za ta shiga, esansi ba ya sauka. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, sai na tuna ɗan ramin murfin nan da Baba ya liƙe, da toshin maɗaci.

Yau kamiyo, manyan motocin kaya, kan yi layi daga gada har cikin gari, kuma kowane lungu da garaji, matasa na jin tarin mota su faɗi ciwonta. Tsamiyar an sare ta, ba abin da ya fito daga ciki. A gaɓa kuwa na duba, ban ga mai ɗinkin jirgi irin na Baba ba, wanda za ka zauna a ciki da sabon zane ka sauka a bushe. Da mai ha'inci ne a aiki, da motarsa ta yi tafiya.