Damtsen da Inna Take Matsawa

Inna ba ta gaisawa da baki sai hannunta ya fara. Duk wadda ta zo ganin gida Gehuru a cikinmu, sai ta kama damtsenta ta matsa, kamar mai zaɓen albasa, sannan ta yanke hukunci. Ƙanwata, wadda ke aure Maiyama, kullum nata hukuncin ɗaya ne: "Madalla, kin yi jiki." Ni kuwa, da nake nan Jega kusa da ita, sai ta saki hannuna ta ce, "Wai mijin naki bai ba ki tuwo?"

Kwano ɗaya muka ci da yarinyar nan tun muna ƙanana, ni ce ma mai babbar loma. Ita ko ruwa ta sha sai ya zauna mata. Na sha fura da nono har na gaji, na ci ƙuli-ƙuli, na sha maganin ƙiba na kasuwa, wuyana bai fasa tsawo ba. Na yi kishinta, kishi mai zafi, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba.

'Yar wana da ke karatun kimiyya a Aliero ce ta taɓa zaunar da ni. "Gwaggo, ba tuwo kaɗai na ba," in ji ta. Wai a cikin ƙwayoyin jiki akwai wasu dogayen zaruruwa da ake kira RNA. Ba su gina komai da kansu, aikinsu su ce wa ƙwaya ta zama ta kitse ko ta dakata, kamar mai ban ruwa da ke buɗe wa wannan fangali ya toshe wancan. Ta ce masana ma ba su gama gane su ba. Na ce to nawa mai ban ruwan barci yake yi. Abin bai sanyaya mini rai ba, don ba Inna aka yi wa bayanin ba.

Bara ciwon suga ya kama ƙanwata, ta rame ta zube. Muka haɗu a gida, lokacin idon Inna ya riga ya yi rauni. Ta kama damtsen ƙanwata ta matsa, ta ce, "Babba, ke ta?"

"Ni ta, Inna, ƙaramar."

Inna ta sake matsawa, sai ta fashe da kuka. "Mi as same ki, ɗiyata? Wa yab bar ki hakanga?"

Ina tsaye a gefe riƙe da buta. Tun ina budurwa hannuna haka yake, ba ta taɓa yi masa kuka ba.