Ranar Da Na Juya Wa Aikina Baya Don Mawaƙan Japan

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina bin wannan shafi ina karanta abin da ya sami wasu, yau ga shi layi ya zo kaina. Ba zan kama sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, kuma ba su yi mini komai ba sai alheri.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da bakwai, ina cikin shekarata ta biyu a Doha, ina aikin gadi a wani kamfanin tsaro. Ni mutumin Zariya ne, ban yi aure ba, ba na shan taba, ba ni da abokin faɗa. Abu ɗaya ne a tare da ni da mutane ke yi wa kallon taɓin hankali, wato son da nake yi wa wasu mawaƙan Japan, maza huɗu masu jita da ganguna da ƙara kamar za a tsaga kunne. Tun ina sakandare na san su. Wani mai tura waƙoƙi a bakin kasuwarmu ne ya zuba mini su a katin memori bisa kuskure, a tsakiyar waƙoƙin Indiya da na ce ya sa mini. Da na ji ta farko na ce wannan wane irin ihu ne. Da na ji ta biyu na kasa kunne. Kafin sati ya zagayo na haddace amshin, alhali ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba.

Da na zo Doha su ne abokan tafiyata a motar kamfani, safe da yamma. Mu shida ne a ɗaki, kuma ba wanda bai tsokane ni ba. Wani ya ce waƙar aljanu ce, wani ya ce in na gama sai a kai ni wurin mai ruƙiyya. Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mini dariya ba, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da muke kira Baba, wanda ya haura shekara hamsin, ya kuma riga mu duka zuwa ƙasar. Ranar wata Juma'a muna zaune a Asian Town, matattarar ma'aikata baƙi, muna cin shinkafa, ya miƙo hannu ya ce in ba shi ya ji abin da ke sa ni kaɗa kai. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya mayar mini ya ce mai gangar nan ya san aikinsa. Daga ranar na ɗauke shi kamar uba.

Da sanyi ya shigo sai na ga sanarwa a waya cewa za a yi wani bikin al'adu, kuma mawaƙan nan nawa suna cikin waɗanda za su zo. Wasa ɗaya tak za su yi, bayan la'asar, a wani fili da ke bakin teku. Ina bakin aiki aka fara sayar da tikiti, kafin in tashi ya ƙare. Kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba. Ana haka sai labari ya zo cewa kamfaninmu ne zai yi gadin wurin. Na tafi wajen sufabaizanmu, wani ɗan Kenya mai tsauri amma mai adalci, na roƙe shi ya sa sunana. Ya tambaye ni dalilin wannan zumuɗi, tunda bai taɓa ganin na nemi ƙarin aiki ba. A nan na fara kuskure. Na ce masa ina son in koyi aikin manyan taruka ne. Ya yaba mini, ya sa ni a gaban dandamali, cikin 'yar tazarar da ke tsakanin mawaƙa da shingen ƙarfen da ke tare jama'a. Baba ne a hagu da ni.

Dokar wurin guda ɗaya ce, kuma sau uku aka maimaita mana ita. Fuskarka tana kan jama'a, bayanka yana kan mawaƙa, ba ka juyawa ko dandamalin zai kama da wuta. Aikinka ka riƙa bin fuskokin na gaba, wanda ka ga an matse shi ko idonsa ya fara juyawa, ka ɗaga hannu, ka yi kira a oba-oba, rediyon da ke maƙale a kafaɗarka, ku biyu ku ciro shi. Na ce na ji, na kuma yi niyyar bi. A raina na ce jin muryarsu kawai ya ishe ni.

Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin daɗi irin na yammacin nan ba. Rana ta yi sanyi, iskar teku tana kaɗawa, sai ga gangar farko ta daki bayana har cikin haƙarƙari. Abin da na shekara goma ina ji ta ɗan abin kunne, ga shi a bayana taku uku. A gabana kuma ga 'yan Filifin, ga Larabawa, ga Indiyawa, ga 'yan Japan ɗin kansu, kowa baki buɗe yana rera kalmomin da nake rerawa a ɓoye. Ashe ba ni kaɗai ba ne mai wannan hauka. Na yi kusan awa guda ban juya ba, ƙafata ce kawai ke bin kiɗa cikin takalmi. Baba yakan waigo ya dube ni ya yi murmushi, ya mayar da ido kan jama'a.

Sai suka ɗauko wata waƙa mai farawa a hankali, jita ɗaya da murya. Ita na riƙa ji a satin da mahaifina ya rasu, lokacin da ba na iya yi wa kowa magana. Na ce bari in waiga sau ɗaya kawai, in ga fuskar mai wannan murya. Na waiga, kuskurena na biyu ke nan. Ɗan ƙaramin mutum ne, har da furfura a gefen kai, gumi ya jiƙe masa riga, idonsa a rufe. Ban san lokacin da jikina duka ya juya ba. Na tsaya cikin yunifom ina rerawa, hawaye yana zuba, na manta da shinge, na manta da jama'a, na manta a ƙasar da nake. Waƙar ba ta fi minti huɗu ba.

Ihun oba-oba ne a kafaɗata ya dawo da ni. Da na juyo sai na ga Baba a wurina, a durƙushe, ga wata matashiya kwance a gabansa ba ta motsi. Ashe da kiɗan ya yi ƙarfi jama'a suka turo gaba, aka matse ta da ƙarfen daidai inda ya kamata idona ya kasance, ta suma a tsaye. Baba ya baro wurinsa da gudu ya ciro ta shi kaɗai, aikin mutum biyu, kafaɗarsa ta dama ta goce. Ma'aikatan lafiya suka zo suka ɗauke ta, cikin ikon Allah ta farfaɗo kafin a kai ta mota. Shi kuma aka tafi da shi asibiti yana riƙe da hannu. Ragowar waƙoƙin ban ji ko ɗaya ba.

Washegari sufabaiza ya tara mu ya tambayi yadda aka yi. Baba ya ce turereniya ce ta yi yawa, bai ƙara komai ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai na yi shiru, wannan shi ne kuskurena na uku, kuma ya fi sauran muni. Kwana uku ina ganinsa a ɗaki da hannu a rataye, yana cin abinci da hagu, ko kabbara ba ya iya ɗaga hannu ya yi. Ni nake yi masa wanki, ni nake kawo masa shayi. Duk abin da na yi sai ya ce Allah ya yi mini albarka, wannan addu'a kuwa ta fi zagi ƙona mini rai. A rana ta huɗu na ji cewa za a ba shi takardar gargaɗi saboda ya bar wurinsa babu kowa, har ana raɗe-raɗin in hannun bai warke ba za a mayar da shi gida. Mutumin da ke da 'ya'ya mata uku a makaranta a Kumasi.

Ban tsaya karyawa ba na tafi ofis na faɗi komai, tun daga ƙaryar da na yi don a sa sunana. Sufabaiza bai yi mini tsawa ba. Ya sa aka buɗe hoton kyamarar wurin, ya ce in ja kujera in zauna. Muka kalla tare. Ga ni nan baki buɗe ina waƙa, ga yarinyar mutane a bayana tana ɗaga hannu tana neman taimako, har hannun ya faɗi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da hoton ya ƙare ya ce da na faɗa masa gaskiya tun farko, da ya sa ni a ƙofar waje inda zan ji kiɗana ba tare da ran kowa yana hannuna ba. Ya ba ni takardar gargaɗi, ya cire ni daga aikin taruka, ya mayar da ni gadin ƙofar wasu gidaje a unguwar Ain Khaled. Ya yaga takardar Baba, aka rubuta raunin a matsayin wanda ya samu a bakin aiki, kamfani ya ci gaba da kula da shi.

Da na koma ɗaki na durƙusa a gaban Baba na ba shi haƙuri. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ai ya ga lokacin da na juya. Ya yi niyyar yi mini magana, amma da ya ga fuskata sai ya kasa, domin shekara biyu muna ɗaki ɗaya bai taɓa ganin ina farin ciki haka ba. Sai ya ce a ransa bari ya riƙe wuri biyu na ɗan lokaci, ashe tsufa ya riga ya yi masa wayo. Ya dafa kaina da hannun hagu ya ce, "Khalas, ɗana, ya wuce. Amma kar ka sake, kafaɗa ɗaya ta rage mini." Duk ɗakin aka fashe da dariya, ni ina dariya ina share ido.

Hannun ya ɗauki makonni, amma ya warke, ya koma aikinsa. Ni ina Ain Khaled har yau, kuma wallahi wurin ya karɓe ni. Babu hayaniya, masu gidajen sun san ni, muna gaisawa da mutunci. Ranar hutu ni da Baba mukan tafi kasuwar Souq Waqif mu sha shayi mu kalli mutane. Har yanzu ina jin mawaƙana, ba zan kuma yi ƙaryar cewa mintunan nan huɗu ba su yi mini daɗi ba. Sun yi. Sai dai ba nawa ba ne, na yarinyar nan ne da aka ba ni amanar tsaronta, kuma kafaɗar bawan Allah ce ta ɗauki nauyinsu.

Ina kira ga 'yan'uwana masu aikin gadi da tuƙi da duk wanda ake ba shi ran mutane ya riƙe. Son abu ba laifi ba ne, ko da kowa yana yi maka dariya a kansa. Amma in abin da kake so ya haɗu da aikinka a wuri ɗaya, ka faɗa wa na gaba da kai gaskiya, ka nemi hutu ko a canja maka wuri. Kada ka yarda da zuciyarka in ta ce maka waige ɗaya ne kawai. In kuma ka riga ka yi kuskuren, kada ka bari rana ta faɗi wani yana ɗauke da laifinka. Ni Allah ya rufa mini asiri, yarinyar ta tashi, dattijon ya yafe. Ba kowa ne zai juyo ya tarar wani ya tsaya masa a wurinsa ba.