Matar da Ta Koyi Riƙon Bokiti don Ta Gyara Darasi

Ƙarfe bakwai da rabi take shiga ofis, kuma ba ta fara kunna kwamfuta. Wata tsohuwar waya take cirowa daga aljihun tebur, mai fasasshen gilashi, wadda ko kyauta aka ba ni sai na yi tunani. Ta fita da ita baranda cikin rana, ta riƙe da hannu ɗaya, ta kalli darasin da yaran ofishinta suka haɗa jiya. Idan rubutun bai fito ba, ko hoto ya tsaya yana juyi, sai ta dawo ta ce, "A sake." Aikinta ke nan shekara da shekaru: tsara darussan da ma'aikata ke koyo ta waya. A bayan idonta Minti Uku suke kiranta, don duk darasin da ya wuce haka ba ya fita daga hannunta.

Ni ta dalilin goggona na san ta. Goggo ta yi shekara goma sha tara tana goge-goge a wani asibiti. Sai aka kawo doka: kowane mai shara ya koyi darussan tsafta a waya, ya ci jarrabawa. Sau uku ake gwadawa, wanda ya faɗi na ukun ya ajiye aiki. Goggo ta faɗi sau biyu. Na same ta zaune bakin gado da wayar a cinya, ta ce, "Ɗana, ashe ni daƙiƙiya ce ban sani ba?" Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rubuta wa ofishin da ya tsara darussan wasiƙa mai zafi, har da kalmomin da yanzu nake jin kunyarsu.

Amsa nake jira a takarda, sai ga matar da kanta a asibiti, da takalmin roba. Ta gaida Goggo, ta ce, "Yaya, ba jarrabawa na zo yi miki ba. Ina so in bi ki ne kawai." Kwana huɗu tana bin ta da bokiti, daga ɗakin haihuwa zuwa bayan gida. Masu jinya har suna aikenta.

A rana ta biyu, suna jiran ƙasa ta bushe, Goggo ta ciro waya ta buɗe darasi. Wani mutum mai farar riga ya fito yana ta motsa baki.

Matar ta ce, "Yaya, ina muryar?"

"Malama, a nan? Marasa lafiya na barci. In waya ta yi ƙara sista za ta cinye ni ɗanya."

"A gida fa?"

"A gida jikoki ne da wayar. Ni wa ya ba ni?"

Ashe wata biyu Goggo da abokan aikinta suna kallon bakin mutum yana motsi, ba su taɓa jin abin da yake cewa ba. Ga rubutun ƙasa ƙanana, ga karatun Goggo sai a hankali. Wata nas da ke wurin ta ce min Minti Uku ta zauna a kan benci, ta ce wa Goggo, "Ni ce na faɗi, ba ke ba."

Ta koma ta rushe aikin wata uku. Shugabanta ya yi tsalle ya dire, ta ce ita dai ba za ta sa hannu a jarrabawa ta uku ba sai an gyara. Ta cire mai farar riga daga darasin. Ta cire kofin awo na ɗakin gwaji da ba wanda ya taɓa gani a ɗakin shara, ta sa murfin jarka da bokitin da suke aiki da su. Darasi ya koma hannu biyu kawai: suna aunawa, suna zubawa, suna matse tsumma, ba sai an ji komai ba. Hannayen kuwa na Goggo ne, don ta ce ba ta ga wanda ya fi ta iyawa ba. Goggo ta ci jarrabawar. Su goma sha ɗaya suka ci tare da ita.

Malama, har yau abin yana ba ni mamaki. Ke ce kike da digiri da ofis da mota, kuma ke ce kika sunkuya kika ɗauki bokiti don ki ga inda kika kuskure. Ke ce mai gyaran da ba a gani, don in darasi ya yi kyau ba wanda ke tambayar wa ya tsara shi. Na ji ƙarshen watan nan za ki yi ritaya. Na gode, kuma ki yafe min wasiƙar nan.

Ku da za ku gaje ta, kafin ku ce ɗalibi ba ya ganewa, ku tashi ku je ku tsaya inda yake tsayawa. Da na gaya wa Goggo zan yi wannan rubutu, na tambaye ta me zan saka. Ta ce, "Ka rubuta cewa shekara goma sha tara ina aikin nan, ita ce ta farko da ta ce in nuna mata yadda ake yi."