Rufin Ɗakin Mma

Shekarar da iska ta yaye mana kwano a unguwarmu Maamobi, gyaran a kaina ya faɗo, don ni ce babba. Mma, mahaifiyarmu, ta daɗe tana fama da asma, ɗakinta kuwa da rana kamar tanda.

Ranar da kafinta ya fara ɓamɓare tsohon silin, sai wani farin gari ya zubo. Ya duro daga tsani yana toshe hanci da rigarsa.

"Anti, ku fitar da tsohuwa yanzu yanzu! Asbestos ne wannan, huhu yake ci."

Tun kafin a haife ni Mma take kwana a ƙarƙashinsa. Na kai ta wurin ƙanwata a Alajo, tana tari a cikin trotro, motar haya, ni kuma idona na kan ƙirjinta. Sai da aka jiƙa silin sharkaf, ma'aikata suka rufe baki da hanci, sannan aka kwashe shi.

Saura abin da za a shimfiɗa tsakanin kwano da sabon silin don ya tare zafi. A wani shago a New Town aka nuna mini wata auduga rawaya. Taɓawa ɗaya na yi, hannuna ya wuni yana ƙaiƙayi. Da aka ɗauko soso, sai gobarar maƙwabtanmu ta faɗo mini a rai, yadda soson rufinsu ya narke yana ɗiga, baƙin hayaƙi ya shaƙe lungu. Na fito hannu rabbana. Duk abin da na kalla gani nake shi zai kashe ta.

Da na faɗa wa Mma, sai ta ce, "Ɗiyata, ɓawon kwakwar nan da ake zubarwa a bakin titi fa?"

Ashe akwai masu saƙa zarensa kamar katifa, su jiƙa shi da maganin ƙwari da na wuta. Kafinta ya kawo ɗan yanki. Ban yarda ba sai da na kara masa ashana. Ya yi baƙi, wutar ta mutu. Na sansana, na goga a wuyana, na jira har la'asar. Shiru.

Shi muka sa. Ɗakin ya yi sanyi, Mma ta dawo gida, ta koma barcin rana.

Likita ya duba hoton ƙirjinta, ya ce bai ga komai ba tukuna, amma irin wannan ciwo yakan ɓuya shekaru. Har yau in ta yi tari sau biyu a jere, sai in ajiye abin da ke hannuna in saurara.