Ƙofar Tsamiya

Babanmu kafinta ne a unguwar Ridina, ƙofofi yake yi. A tasowarmu maɗaci muka sani, jan katakon nan mai ɗaci da gara ba ta ci. Sai wata shekara, ina aji uku a lakwal, wato makarantar boko, wani mutumin Nijar ya kawo masa falankan tsamiya. Kai, itacen nan ya yi kyau! Cikinsa duhu-duhu da zane kamar ruwa na gudu. Baba ya goge shi da yashi mai laushi, ya ƙi sa masa berni, fentin ƙyallin nan, ya shafe shi da man gyaɗa har yana ɗaukar ido. Ya ce ba na sayarwa ba ne, ya yi ƙofa da shi ya kafa a ɗakinmu na yara.

Iya, kakarmu, ta ga ƙofar ta kau da kai. Baba ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. Bayan isha muka kewaye murhu don jin tatsuniya kamar kullum, Baba na gefe yana shan shayi. Ba ta ma jira mun ce ta zo mu ji ta ba.

"Wani kafinta ne," in ji ta, "ya ga tsamiya a bakin kogi, ya sa gatari. Bai yi sallama ba, bai tambayi ko da mai gida a ciki ba."

Ta ce kafintan ya yi ƙofa, ya kafa wa 'ya'yansa uku. Kullum ya sa sakata, da safe a tarar da ita a buɗe. Ashe tsamiyar gidan wata aljana ce, kuma duk inda itacenta ya je, nan ne gidanta. Sai autan ya fara zama a gindin ƙofar yana hira shi kaɗai. Aka ce da wa kake magana, ya ce da Inna mai dogon gashi. Fatar hannunsa ta soma kaushi kamar ɓawon itace.

Iya ta rage murya. "Ran nan aka ji ana ƙirga su. Ɗaya. Biyu. Na ukun nan nawa ne."

Wallahi sai da fitsari ya kusa kufce mini. Mu ma uku ne. Habu, autanmu, ya cusa kai cikin zanena.

Iya ta ci gaba, ta ce gari ya waye babu autan kafinta. Aka duba rijiya, aka duba kogi. Da kafintan ya gaji ya jingina da ƙofar, sai ya ji ɗumi a jikinta. Ya duba, ga wani sabon kulli a katakon, da ido biyu da ɗan baki a buɗe.

"Iya, ya fito?" na tambaya.

"Ina fa zai fito, ƙawata? Kalas, ta ƙare. Ku tashi ku kwanta."

Muka ƙi. A ɗakinta muka kwana, mu uku a tabarma ɗaya, ina riƙe da ƙafar Habu har na yi barci. Da hantsi muka ga Baba ya cire ƙofar ya ɗora a amalanke. Ban san inda ya kai ta ba. Wata biyu labule ne a ɗakinmu kafin ya samo maɗaci.

Na daɗe ina jin haushin Iya, don har na yi aure ba na bi ta ƙarƙashin tsamiya. Sai bayan rasuwarta, muna zaune da Baba a sabon gidansa na unguwar Atrone, na ce, "Baba, kai da ka yi karatu, da gaske ka yarda akwai aljana a katakon nan?"

Ya shafa gemu.

"Ni ban sani ba," ya ce. "Amma tunda ta haife ni ba ta taɓa roƙona komai ba sai daren nan."