Sandar Shifu a Hanyar Dudunni

Kankiya

Ana sallame sallar asuba na saɓi sanda na nufi tasha, ko kokon da matata Hajara ta dama ban tsaya sha ba, don murna ta riga ta cika min ciki. Na daɗe ina koyon kunfu a hannun Malam Sada, wanda muke ce wa Shifu, kuma ranar ce zai gwada ni wasan sanda. In na ci, ya ba ni izinin koyar da yara. In na faɗi, filinmu na Kankiya ya mutu ke nan, domin tun da ciwon yana ya rufe masa ido ya koma garinsu Dudunni, ba mu da mai koyarwa.

Sandar ma tasa ce. Wani tsoho ne ya ba shi ita a ƙasar Sin, lokacin da ya je karatun injinan noma. Fara ce sol, ta fi ni tsawo, tana lanƙwasa kamar tsumagiya. Ranar da ya ara min ita cewa ya yi, "Lawal, ka maido man abata yadda ka amshe ta."

Direba na ganina ya ce, "Malam, kwalekwale za ka tuƙa halan?" Ya so ya ɗaure ta a sama tare da buhunan wake, na ce sam. A ƙarshe muka zura ta daga but har gaban mota, ta bi ta kan kafaɗun fasinja. Wata tsohuwa mai riƙe da kaza ta yi ta tsaki har muka bar gari.

Kafinsoli

A shingen Kafinsoli wani jami'i ya leƙo. "Sandar mi ce wannan?"

"Ta wasa ce, yallaɓai. Kunfu."

"Irin na 'yan Caina? Fito mu gani!"

Abin nema ya samu. Na dunƙule hannun dama, na rufe shi da tafin hagu na gaishe su, na buɗe ƙafa na yi tsayuwar doki, sannan na saki sanda. Tana yanka iska tana fito, masu tallan gyaɗa suna ihu. Tsohuwar nan mai tsaki ita ta fara guɗa! Na koma mota kaina ya kumbura, ina jin ko Shifu a ƙuruciyarsa sai haka.

Kusada

Hantsi ya ɗaga muka sauka Kusada. Na ci waina da miyar taushe a tsaye, na hau bayan wani ɗan acaɓa, Nura, na tsayar da sanda kamar tuta. Kaka ce, ko'ina dammunan gero ne da amalanken shanu, ni kuwa ina ta maimaita matakan wasan a zuciyata.

Mun kusa Dudunni garken shanu ya ɓullo daga burtali. Nura ya kauce, taya ta nutse cikin rairayi, sai ga mu a ƙasa. Na ji ƙas! Na ɗauka ƙafata ce, da na duba kuma na gwammace a ce ita ɗin ce. Sandar Shifu ta rabu biyu a ƙarƙashin babur. Na zauna cikin rairayin nan, ƙato da ni, hawaye na zuba.

Mai shanun, wani Bafulatani mai suna Ja'e, ya iso yana ba da haƙuri. Ina ba shi labarina, idona na kan sandar da ke kafaɗarsa.

"Ɗan'uwa, ara man taka."

"Aradu ko ƙanena bai riƙe ta. Ta babana ce." Ya dube ni, ya dubi guntayen. "Sai dai in bi ta."

Ya bar wa 'yan'uwansa shanu, muka hau mu uku, Nura na mita.

Dudunni

Mun tarar da Shifu a kan tabarma a gindin dalbejiya, dattawan unguwa kewaye da shi. Bayan gaisuwa na ajiye guntayen gefe, na amshi sandar Ja'e. Shifu ya ce, "To bisimilla. Ido ya tafi, amma kunne na nan."

Sandar Ja'e gajera ce, ga nauyi, ba ta san lanƙwasa ba. Juyin farko ta nemi ƙwace min. Na ƙara sauke ƙugu, na bar ƙafa ta ja hannu yadda Shifu ya sha faɗa mana, sai ta fara bin umarni. Na yi sara, na yi shara, na tashi sama na dira, na buga ta a ƙasa. Ja'e ya yi tsalle yana cewa, "A hankali dai, a hankali!" Dattawa suka kwashe da dariya.

Shifu bai yi dariya ba. "Ƙafafun naka ne, na ji su. Amma wannan ba kukan sandata ba ne. Ina take?"

Na durƙusa na sa masa guntayen biyu a hannu, na faɗi duk yadda aka yi. Ya daɗe yana shafa wurin karayar, har na ga idonsa ya kawo ruwa. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Da sandar da ba ka taɓa riƙewa ba ka yi wannan?"

"E, Shifu."

"To je ka koyar." Ya miƙe, guntu ɗaya a kowane hannu, ya juya su har suka yi fito. "Akwai wasan sanda biyu, ban taɓa nuna ma kowa ba, don ban iya yanke ta. Tunda Allah ya yanke, matso."

Har azahar muna abu ɗaya, Ja'e na gefe yana kwaikwayo da tasa.

Gida

Da la'asar sakaliya na sauka Kankiya, guntayen a cikin jaka, ba direban da ya tanka min. Hajara ta tare ni a zaure. "Ina sandar mutane?"

Na zaro su na ɗaga sama. "Ta haihu! Gobe a shaida ma yara su fito fili."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Shifu, da Nura da ya kayar da mu, da Ja'e wanda ya bi sandarsa har Dudunni, ya kuma ce ranar kasuwa zai zo ya ga filin da idonsa.