Indararon tsohuwar lakwal

Tsohuwar lakwal ɗin ƙauyenmu, wato makarantar boko, a ƙasar Bande, ginin tubali ce. Ɗaki ɗaya ne, katanga mai kauri, bakan gizo biyu na gini sun gitta juna suna ɗauke da rufin azara. A ƙarƙashinsu na koyi karatu.

Da aka gina sabuwa, mutanen meri, ofishin magajin gari, suka zo suka ce wannan ta zama kayan tarihi, kada kowa ya taɓa ta. Suka ɗauki wana ya tsare ta, suka ba shi kulki. Shi kuwa ya riƙe maganar da gaske: ko ciyawa ba a cirewa.

Ciyawar ce ta hana ni sukuni. Ta fito a kan soro, ta toshe indararo. Rufin ƙasa in ruwa ya kwanta masa, rushewa yake. Na yi wa Yaya magana har ya gaji da ni.

Ran da hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, na jingina tsani na hau. Ban kai bakin indararon ba na ji Yaya a bayana, ya biyo ni kan soron.

"Sauka, sarkin tsoro! Kai ka gina ta?"

"Yaya, dubi sama mana."

"Amana aka ba ni. Sauka!"

Kulkin ya same ni a baki. Na tofar da jini da haƙori. Na rungume ƙafafunsa muka zube, ruwa ya kece. Ya shaƙe ni, na cije shi a hannu, muna ta birgima cikin laka, ni kuma duk tsorona nauyinmu ne a kan azara. Ruwa ya taru har ya rufe mini kunne.

Na kufce, na ja ciki, na cusa hannu cikin indararon har kafaɗa. Yana dukan bayana, ina yakuto saiwa da taɓo. Sai na ji abu ya saki. Ruwa ya yi tsalle ya zuba ƙasa da ƙara kamar an ɓalle korama.

Yaya ya tsaya yana haki, yana kallon ruwan na janyewa daga ƙafafunsa.

"Ka ɓantare bakin indararon," ya ce.

Gaskiya ne, na ɓantare shi kaɗan.

Rufin yana nan. Yaya ya kai tsanin gidansa ya kulle. Bana ciyawar ta sake fitowa, daga gonata ina hango ta.